Tubalin Kwalba na Ɗan Haye

Salamu alaikum jama'a, ku matso kusa, don in ban amayar da abin da ke cikina yau ba, cikin nan fashewa zai yi. Sunana Kubura, autar Sarkin Magina Lado na Zoza, a ƙasar Rogo. Ina son wani mutum da duk garinmu ya haɗu a kan cewa kansa ya ɗan taɓu. Na faɗa muku tun da wuri, kada wani ya zo daga baya ya ce na ɓoye masa.

Sunansa Liti, ɗan Fulanin Kurugu ne, can ɓangaren Karaye. Ubansa shanu, kakansa shanu, shi kuwa Allah ya jarabce shi da kwalba. Tun da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama kwalabe suka yawaita a ƙasar nan, Liti ya bi su ɗaya bayan ɗaya, daga bayan kanti zuwa jujin bariki. Ya daka su a turmi har su zama gari, ya gauraya da garin gawayi da ɓawon ƙwai, ya zuba a mazubi, ya kai ramin gashin tukwane ya yi ta zuga wuta. Sai abin ya kumbura kamar ƙullin funkaso. In ya huce sai ka ga tubali baƙi mai ƙananan ramuka, ba nauyi ko kaɗan, ruwa ba ya narka shi, gara ba ta cinsa, zafin rana ba ya ratsa shi. Da farko da ka taka shi sai ya ruguje, sai Liti ya koma yana saƙa wayar ɗaurin dilar atamfa yana binne ta a cikin garin kafin ya gasa. Daga nan tubali ya yi ƙashi.

A kasuwar Rogo muka haɗu, ina suyar waina. Na ci ado ranar, atamfa mai ganye, ɗankwali ja, kwalli har gefen ido, awarwaro na ta ƙara a hannuna. Sai ga wani dogo da ƙonanniyar riga, girarsa ɗaya wuta ta lashe, ya tsaya a kaina yana kallo ba ƙiftawa. Na ce a raina, yau kuma na yi kasuwa. Na sunkuyar da kai ina wasa da tsinke.

Ya ce, "'Yammata, don Allah in man nan ya ƙare, za ki ba ni kwalbar?"

Kun ji fa! Kwalbar man gyaɗa yake kallo, ba ni ba. Haushi ya sa na ce ba zan bayar ba. Ya dawo wata kasuwar na hana, ya sake dawowa na hana. Kafin man ya ƙare dai ya daina kallon kwalbar, ni kuma na daina ganin ƙunar girar.

To ga inda matsalar take. Babana mutum ne mai doka ɗaya tak a rayuwarsa: ba ya ba ɗan haye 'yarsa. A wurinmu, in ka tashi ka tarar da ubanka da kakanka suna sana'a ka ɗauka, kai ɗan gado ne, ana yi maka shimfiɗa. In kuwa da rana tsaka ka faɗo cikin sana'ar da ba ta gidanku ba, kai ɗan haye ne, ko ka fi kowa iyawa sai dai ka zauna a bakin tabarma. Yayyena duk 'yan gado suka aura, marini, maƙeri, baduku. Baba in ya fara lissafa kakanninsa magina, tuwo sai ya huce a akushi.

Mai kai mana saƙo ni da Liti ita ce Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba, mai sayar da daddawa kasuwa-kasuwa. Turawa suna da wayar tangaraho, mu muna da Gwaggo, kuma tamu ta fi sauri, sai dai tana ƙara gishiri a hanya. Takan sauke ƙwarya a ƙofar madafa, ta leƙa ko Inna na kusa, ta fara zubo min.

"Ya ce a gaishe ki. Ya ce jiya tubali bai fashe ba. Ya ce bai ci abinci ba saboda tunaninki."

"Gwaggo, na ƙarshen nan shi ya faɗa?"

"Da na tsaya zai faɗa."

Ita ce kuma ta ƙulla abin da ya kusa kashe mu. Ta je har ruga ta sami Bappa, ƙanin mahaifin Liti, wani tsoho mai farin gemu da malafa, wanda yake ji da Liti kamar ransa. Ta gaya masa dokar Baba. Bappa ya ce wannan ai ƙaramin abu ne.

Ranar da Bappa da Liti suka zo gaisuwa na laɓe a bayan ƙofar zaure, ina riƙe da awarwarona kada su tona min asiri. Aka yi ta gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, yaya shanu, yaya damina, yaya waɗanda aka baro, har ƙafata ta sage. Can Baba ya gyara zama a kan buzunsa.

"To, shi yaron, mece ce sana'arsa?"

Bappa ya ce, "Gini, Sarki."

"Gini? Na wane gida?"

"Na gidanmu mana. Ginin kwalba. Kakanmu Ardo da shi ya yi suna. Ubansa ma haka. Mun daɗe muna ɓoyewa ne saboda baki."

Baba ya ce, "Ikon Allah. Ni dai iya sanina, ku da bukka aka san ku, yau kuna nan gobe kun tashi."

"Ai shi ya sa muka yi shi mara nauyi, Sarki. Don a ɗora wa sa."

Wallahi sai da na cusa ɗankwali a baki. Baba ya tambayi inda suka samo kwalba a wancan zamanin, Bappa ya ce ta turare ce, Larabawa ke kawowa. Na lura duk surutun nan bai ce aradu ko sau ɗaya ba, shi da ko farashin nono sai ya rantse. Liti kuwa yana can gefe kansa a ƙasa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Baba ba ya iya ƙaryata mai furfura a cikin zaurensa, don haka ya ce ya ji, zai bincika. Na koma ɗaki ina murna ina jin tsoro lokaci guda.

Ba a daɗe ba Gwaggo ta shigo da gudu, daddawa na zuba.

"Ya ce arziki ya zo! Ya ce Bature ya ga tubali!"

Ashe Liti ya jefa tubalinsa a kududdufin Karaye ranar kasuwa, tubalin ya yi ta yawo a kan ruwa, mutane suna salati. Labari ya kai kunnen Baturen gine-gine da ya zo rangadi, wanda ake kira Mai Lofe. Ya sa aka kawo masa, ya juya, ya ƙwanƙwasa, ya hau kai da takalminsa. Ya ce a ƙasarsu an taɓa yin kwalba mai kumfa, amma saƙa waya a cikinta irin yadda Liti ya yi, shi dai bai taɓa ji ba. Ya ce akwai wata takarda mai hatimi da ake nemowa daga Ingila, wadda in an ba mutum, babu mai yin irin abinsa sai da izininsa. Zai rubuta ya nema wa Liti, kuma in ta fito, shi za a ba rufin sabon ɗakin magani. Sharaɗi ɗaya ne: sai in abin sabo ne fil, babu wanda ya riga shi.

Na yi guɗa a hankali. Gwaggo ta ce, "Tsaya, ban gama ba. Bature ya ce a kira magini mafi tsufa a ƙasar nan ya ba da shaida."

Na ce, "Wa ke nan?"

A daidai lokacin sai muka ji masinja yana sallama a ƙofar zaure, yana tambayar Sarkin Magina.

'Yan uwa, ku auna min wannan. A gaban Baba, in abin sabo ne, babu aure. A gaban Bature, in abin gado ne, babu takarda. Ga shi za a zaunar da su biyun a inuwa ɗaya, Liti a tsakiya. Na aika Gwaggo ta ce masa ya faɗi gaskiya. Ta dawo ta ce, "Ya ce wacce daga ciki?" Na ce ta koma ta ce masa kada ya yi wasa da wahalarsa. Ta dawo ta ce, "Ya ce ki sa atamfar nan mai ganye." Wannan karon na san ba ƙarin Gwaggo ba ne, sai na shiga bayan rumbu na sha kukana.

Ranar ta faɗo daidai da kasuwar Karaye. Na ce wa Inna zan raka Gwaggo talla, na ɗauki tasar waina, muka bi ayarin masu jakuna tun da sassafe. Baba yana can gaba a kan doki aro, da babbar rigarsa ta saƙi da rawani, yana jin kansa, wai Bature ya san darajar gado. A bariki muka sami gindin zana muka tsuguna tare da masu sayar wa masinjoji abinci. Ta wata ɓula nake hango komai.

Mai Lofe yana zaune a kujera da gajeren wando, gwiwoyinsa ja wur. Tafintansa Malam Halliru yana tsaye. Tubali yana kan tebur. Baba a kan tabarma ta dama, Bappa a ta hagu, Liti a tsakiya ya sa sabuwar riga wadda tuni ta ƙone a hannu ɗaya.

Malam Halliru ya ce, "Liti, Bature yana tambaya. Wannan abu, kai ka fara shi, ko ka tarar ana yi?"

Liti ya dubi tubalin nan da ya ƙona masa gira, ya cinye masa turmin uwarsa, ya sa yara suna yi masa waƙa a hanya. Sannan ya juyo ya dubi zana. Ban san yadda ya san ina nan ba, wataƙila ganyen atamfar ya hango.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, gado ne. Na tarar ana yi."

Jama'a! Na ji daɗin da ban taɓa ji ba, na kuma ji kamar in tsallake zanan in shaƙe shi. Mutumin nan ya ɗauki abin da ya fi so a duniya ya jefar saboda ni, ni mai waina.

Bature ya cire lofe daga baki, ya ɗaga kafaɗa, ya fara rufe littafinsa. Bappa kuwa da ya ga ƙarya ta karɓu sai ya ƙara wuta.

"Ƙwarai kuwa, Zaki! Ai kafin magina su san laka, mu mun san kwalba. Wasu ma a wurinmu suka ga yadda ake jera tubali."

Nan fa ya taka wutsiyar Baba. Na ga rawanin yana rawa tun kafin bakin ya buɗe.

"Ƙarya ne!" Baba ya miƙe tsaye, ya manta a gaban wa yake. "Wallahi tallahi ƙarya ne! Na haɗiye ta a zaurena don kunya, ba zan haɗiye ta a nan ba. Malam, gaya masa, na rantse da Allah, ni da ubana da kakana babu wanda ya taɓa ganin wannan abu. Babu soron da aka yi daga nan har Jajaye da ban san wanda ya ɗora azararsa ba!"

Malam Halliru ya juya maganar zuwa Turanci, Bature ya sake buɗe littafi.

"Yana tambaya, ba kwa sa wani abu a cikin tubali don ya yi ƙarfi?"

"Ciyawa muke sawa, kamar yadda Allah ya nufa. Ba waya ba."

"To magini da ya san aikinsa, ba zai iya tunanin sa wayar da kansa ba?"

"Wane magini? Mai hankali? Ka daka kwalba, ka dafa ta kamar tuwo, ka saƙa mata waya? Wannan sai wanda aljanu suka shafa! Babu ɗan halak ɗin da zai kwana ya tashi da wannan tunani, sai wannan yaro shi kaɗai!"

Bature yana ta gyaɗa kai yana rubutu, murmushi har kunne. Baba na zagi, alƙalami na gudu. Duk ashar ɗin da ya ɗura wa Liti, Malam Halliru sai ya ce, "Madalla, Sarki, ƙara." Gwaggo ta kwanta a jikin zana tana dariya har da hawaye, kaji suna cin wainata ban ma kula ba. A ƙarshe Bature ya miƙe ya ba Baba hannu, ya ce bai taɓa samun shaida mai kyau irin wannan ba, zai aika Ingila. Ya ja wa Liti kunne a kan ƙarya, ya ce in takardar ta fito, in ya mutu ma tana iya zama ta 'ya'yansa har wa'adinta ya cika.

Baba ya tsaya da hannu a sama. "Ta 'ya'yansa? Ana gadonta?"

Malam Halliru ya ce, "Haka ya ce."

Da muka iso Zoza, Baba ya shige ɗakinsa. Ya ƙi tuwo, ya ƙi fura. Inna ta dube ni ta dubi tasar da babu waina babu ciniki, ta ce za mu gamu. Ni dai na riga na sallama, na ce aure ya mutu, ɗan haye kuma maƙaryaci, ai ko gawata Baba ba zai ba shi ba.

Washegari bayan la'asar sai ga shi ya aika a kira Liti da Bappa. Na koma bayan ƙofar zaure, wurin ya zama kamar ɗakina. Wannan karon gaisuwar gajeriya ce. Bappa yana ta sosa gemu, ya kasa ɗaga ido.

Baba ya ce, "Yaro, ka yi min ƙarya, ka kuma yi wa Bature. Amma na ga abin da ka jefar, na kuma san don wa ka jefar. Ni ba dutse ba ne." Ya yi gyaran murya. "Dokata ba ta tashi, ɗan haye ba ya auren 'yata. Sai dai na samo mafita. Za ka shigo ƙarƙashina, ka zama yaron gidan nan. Abin da yaro ya yi kuwa na maigida ne. Mu koma wurin Bature a goge Liti a rubuta Lado. Sana'a ta shiga gidan gado, kai ka zama ɗan gida, in ba ka Kubura."

Bappa ya ce, "Madalla da Sarki!" Shi dai a rabu lafiya.

Na leƙa ta tsagar ƙofa. Liti ya buɗe baki, kuma na san abin da zai fito, don irin fuskar da ya yi jiya a bariki ce ya sake yi. Zai sake bayarwa. Zai yi ta bayarwa har ya zama ba shi da komai sai ni da ƙonanniyar riga, kuma duk ranar da aka ce tubalin Lado a gabansa, sai ya yi murmushi ya haɗiye, ni kuma ina kallo. A'a. Ba zan iya zama da wannan ba.

Ban san lokacin da na tura ƙofar ba. Ni da tun da na fara ɗaura zane ban taɓa tsayawa a zaure da maza a ciki ba, sai ga ni a tsakiya, ba mayafi, hannuna duk ƙullin waina. Na durƙusa har ƙasa.

"Baba, ka yafe min. Jiya a gaban jama'a ka rantse da Allah, kai da ubanka da kakanka ba ku taɓa ganin abin nan ba. Bature ya rubuta. In aka sa sunanka, mutanen Karaye za su ce Sarkin Magina ya yi rantsuwar ƙarya. Ni kuma na fi son in tsufa a gidan nan ina suyar waina da a ce haka, ko a raba bawan Allah nan da sunansa saboda ni."

Bappa ya ja malafa ya rufe fuska. Liti ya daskare da baki a buɗe. Daga cikin gida na ji Inna ta saki salati, sai ƙarar muciya da ta faɗi.

Baba ya dube ni, ya daɗe yana dubana, jijiyar wuyansa na motsi. Na rufe ido ina jiran mari. Sai na ji ya ja dogon numfashi, ya juya wajen Liti.

"Ka gani ko? Ka ga abin da kake ta zarya a kai? Tun daga kakana har yau, ba a taɓa yin 'yar da ta shigo zauren nan ta tsayar da ubanta ba. Ita ma ba mu gaje ta ba." Ya nuna ƙofa da haɓa. "Riƙe sunanka, ba na so. Tashi ka je ka kwana kana tunani. In gari ya waye har yanzu kana jin za ka iya da wannan, ka dawo ka same ni."

Liti bai motsa daga inda yake ba. Ya gyara durƙuso, ya ce, "Baba, in babu damuwa, zan jira wayewar garin a nan."